Yadda Za Ka Wanke Sandunan Golf Har Darakta Ya San da Zamanka

Wannan jagora ta ma'aikacin da ya gano, bayan ya tsufa yana riga masinja zuwa ofis, cewa ba a ɗakin taro ake raba kujeru ba. A filin golf ake raba su, ranar Asabar, tsakanin wannan rami da wancan. Kamfaninku zai buɗe sabon reshe. Manaja ɗaya ake nema, ku biyu ne a layi: kai da abokin aikinka Mai Turare, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga lif. Shi an riga an gan shi a filin yana ƙyaƙyata wa barkwancin Darakta. Kai kuwa ko ƙwallon ba ka taɓa riƙewa ba.

Kada wannan ya dame ka. Koyon wasa yana cin lokaci, ga rana, ga jin kunya a gaban mutane. Wankin sanda kuwa bokiti kawai yake nema. Ka bi matakan nan yadda aka jera su. Sakamakon tabbas ne: Darakta zai san fuskarka, zai san gidanka, kuma babu Asabar ɗin da za ta wuce bai tuna da kai ba.

Mataki na 1: Ka samo abin wankewa

Sabbin sanduna suna tona asiri. Ledarsu kaɗai ta isa ta faɗa wa duniya jiya ka fara. Na hannu za ka nema. Ka jira wani baƙo da zai bar ƙasa ya baje kayansa a gareji: firij, keken motsa jiki, jakar golf a jingine a lungu. Za ka lura duk wanda ya zo sai ya zaro sanda ɗaya, ya dubi kanta, ya mayar, ya wuce wajen firij. Za ka lura kuma arhar ta yi yawan da mai hankali zai yi tambaya. Kada ka yi. Tambaya alamar sabon shiga ce. Ka jinjina sanda ɗaya a hannu, ka ce, “Ba laifi, tana da nauyi,” ka sa a mota.

A aljihun jakar za ka tarar da safar hannu ƙwaya ɗaya, ta dama. Daidai ke nan: 'yan golf ɗaya suke sawa, kai kuma da dama kake komai. Matarka za ta ɗaga ta da yatsu biyu ta ce, “Baban yara, har safar ma rabi aka sayar maka?” Ka yi mata murmushin wanda ya ga duniya. Ba komai ake yi wa mutanen gida bayani ba.

Mataki na 2: Ka zaɓi inda za a gan ka

Ba a wanke sandar golf a banɗaki. Wa zai gani?

Bakin get, safiyar Asabar, lokacin da maƙwabta ke fito da motocinsu. Kujerar roba, hula mai baki, farin tawul a kafaɗa. Ka jera sandunan a jikin katanga daga doguwa zuwa gajera. Maƙwabcinka zai sauke gilashi ya ce, “Ah, maƙwabci, sana'ar ƙarfe aka koma ne?” Kada ka ɗago kai. Ka ce, “Filin ya jiƙe jiya.” Lura: ba ka ce ka je ba. Ƙarya ta ƙananan ma'aikata ce. Manya rahoton yanayi suke bayarwa.

Mataki na 3: Wankin kansa

Ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa kan sanda da jikinta, kai kuma ba ka da mai gyaran da ba zai yi maka tambayoyi ba. Ɗigon sabulun wanke-wanke ya isa. Masu kan ƙarfe kaɗai ake tsomawa, kada ruwan ya haura wuyan sanda. Dogayen nan masu ƙaton kai ba a jiƙa su. Tsumma mai laima ake bin su da shi.

A fuskar kowace sanda akwai siraran tsagi a jere. Nan ƙasa ke maƙalewa, nan ake bi da tsohon buroshin haƙori. Tsoho aka ce, kuma naka. Buroshin waya yana karce ƙarfe, buroshin matarka yana karce aure. Mariƙin roba ka goge shi, ka bar shi ya sha iska. Komai ya bushe ƙarau kafin ya koma jaka, domin tsatsa ba ta san matsayin mutum a ofis ba.

Idan kana cikin gogewa ka ga kamar fuskar sandar tana kallon ɓangaren da ba ka zata ba, ka ƙyale ta. Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka karatu.

Mataki na 4: Ka samo datti

Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Sandar da ba ta taɓa ƙasa ba ba ta da abin wankewa, kuma maƙwabci ba makaho ba ne: idan ruwan bokitinka ya tashi fes yadda ya zo, unguwa za ta ji. Saboda haka sai ka tanadi datti tun jajibiri.

Ba kowane datti ba. Ƙasar tsakar gidanka ƙasar talaka ce, da ganinta an san ta. Ciyawa ake so, kore shar, irin wadda ake ba ruwa da mesa. Akwai ta a gaban bankin da ke kusa da ofishinku. Ka tsaya kamar kana ɗaure igiyar takalmi, ka tsige cikin tafi ɗaya har da saiwa, ka sa a aljihu. Idan mai gadi ya ce, “Yallaɓai, wani abu ya faɗi ne?” ka ce masa ciyawar tana buƙatar taki, ka wuce. A gida ka cusa ta cikin tsagin sandunan da babban yatsa, ta kwana, da safe ka fito ka wanke ta a gaban jama'a da fuskar wanda wasa ya gajiyar.

Haka tattalin arziki yake tafiya a wurare da yawa: mutum ya ƙirƙiri matsala da yamma, ya warware ta da safe, a yaba masa.

Mataki na 5: Ka kare su daga iyalinka

Iyali ba su san darajar abin da ba ya aiki ba. Duk doguwar aba a wurinsu ta kakkaɓe yana ce ko ta janyo wani abu daga ƙarƙashin gado. Ka sa ido musamman idan mahaifiyarka ta zo kwana biyu. Za ka dawo daga aiki ka tarar da ita a falo ta dogara gajerar nan mai shimfiɗaɗɗen kai, wadda ake tura ƙwallo cikin rami da ita.

Za ka ce, “Mama, wannan fa ba sandar dogarawa ba ce.”

Za ta ce, “To ta mene ce?”

“Ta wasa ce. Wasan manya.”

“Kai kake yin wasan?”

“Ina shirin farawa.”

“To kafin ka shirya gwiwata ta huta. Ka ga ɗazu ma da ita na ciro takalmina. Allah ya yi wa maƙerinta albarka.”

Daga kicin matarka za ta ce, “Ki riƙe ta, Mama. Cikin su duka ita kaɗai ce ta taɓa yin aikin yini.”

Ka jira tsohuwa ta shiga salla, ka ɗauke, ka koma Mataki na 3.

Mataki na 6: But ɗin mota

Wanki a gida rabin aiki ne. Darakta ba a layinku yake ba. Ka sa jakar a but, ka yi fakin kusa da inda motarsa ke tsayawa. Da ka hango ta, ka buɗe but ɗin kana neman wani fayil da ba ya ciki. Ka bar hasken rana ya faɗa kan ƙarafunan. Ka yi ta nema har sai ya wuce. Da ka koma gida ka fitar da jakar, domin zafin but yana busar da mariƙi ya tsattsage, gobe ka sake lodawa. Bayanka zai yi ciwo. Ka riƙa dafa shi a ofis kana cewa, “Wasan nan ba ya barin mutum.”

Mai Turare zai leƙo wata rana, ƙamshinsa a gaba, shi a baya. Zai dubi jakar ya ce, “Kai, abokina, irin wannan ƙyalli! Kai a wane fili kake bugawa? Ban taɓa cin karo da kai ba.” Ka ce, “Ba na son cunkoso.” Idan ya miƙa hannu zai zaro ɗaya, ka rufe but.

Mataki na 7: Ranar da aka gayyace ka

Za ta zo, domin tsarin nan yana aiki. Darakta zai tsaya, ya dubi but, ya dube ka, ya ce, “Ashe namu ne kai? Ka zo ranar Asabar. Ina so in ga ku biyun a fili kafin in yanke maganar reshen nan.” Ka ce, “Allah ya kai mu, ranka ya daɗe.” Kada ka nemi mai koyarwa, lokaci ya ƙure, kuma mutum ya tsaya kan abin da ya iya. Ka yi musu wankin da ba ka taɓa yi ba. Wannan karon ba ciyawar banki.

A wurin bugun farko Mai Turare zai buga tasa ƙwallon ta faɗa cikin itatuwa, Darakta ya ce ba laifi. Sai kai. Ka zura safarka a hannun dama, ka zaro doguwar, ka tsaya yadda ka ga sun tsaya. A nan za ka lura cewa ƙeyar sandar ce ke kallon ƙwallon, fuskarta kuwa tana kallon wurin ajiye motoci.

Darakta zai ce, “Ashe bahago ne kai?”

Za ka ce, “A'a, ranka ya daɗe, da dama nake komai.”

Mai Turare zai kama tari, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

“To ai sandunan nan na bahago ne,” in ji Darakta. “Dukansu. Har safar. Mai bugu da dama a hagu yake sa ta. Tun yaushe suke wurinka?”

Ka dubi itatuwa.

Ka tsaya daram, ba a gama ba. Darakta zai zaro ɗaya daga jakarka, ya ɗaga ta a rana, ya bi tsagin da farce, ya dubi farcen, bai ga komai ba. Zai shafa mariƙin. Zai dube ka irin kallon mutumin da ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

“Wa yake wanke maka su?”

“Ni da kaina, ranka ya daɗe.”

“Da kanka! Ikon Allah. Dubi nawa, don Allah, kamar an yi noma da su. Na canza masu wanki har na gaji. Mutumina, Allah ya ba ka baiwa, kana zaune a ofis kana ɓoye ta.”

Ka ce, “Na gode, ranka ya daɗe.”

Mataki na 8: Ka karɓi sakamakonka

Mai Turare zai tafi reshen. Kafin ya tafi zai biyo ta teburinka ya dafa kafaɗarka ya ce, “Abokina, idan ka gama da na Yallaɓai, nawa ma suna mota. Ba gaggawa.” Ƙamshin zai kwana a rigarka.

Kai kuma daga yanzu, duk Asabar bayan an tashi wasa, direban Darakta zai sauke jaka a ƙofarka, ya dawo ɗauka safiyar Litinin. Ka duba ribar da ka ci. An soke Mataki na 4. Dattin yanzu na gaske ne, daga filin gaske, ciyawar banki ta huta. Maƙwabta suna ganin jaka biyu a jikin katanga. Mahaifiyarka ta samu sandar dogarawa ta dindindin, matarka ta samu ta kakkaɓe yana, kuma ta daina tambayar ina ɗaya safar.

Sanarwa

Wannan jagora ba ta ɗauki alhakin kujerar da ta kuɓuce ba, ko ciwon baya, ko dariyar da ake yi a lif idan ka fita, ko abin da mai gadin banki ya faɗa wa abokan aikinsa. Ba a ce za ka zama manaja ba. Ka koma sama ka sake karantawa. Cewa aka yi Darakta zai san fuskarka, ya san gidanka, ya tuna da kai kowace Asabar. Hon ɗin da kake ji a get na direbansa ne. Ka tashi ka ɗumama ruwa. Ɗumi aka ce, ba tafasasshe ba.