Rasuwar Tsohuwa Dorkas, Mai Bakin 'Yan Dako

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi tsayawa wuri ɗaya tun ranar Talata, Zebulon Tarbox, mai jaridar Muryar Bakin Ruwa ta nan Salem, yana sanar da jama'a rasuwar Tsohuwa Dorkas, na'urarsa ta buga jarida, wadda ta cika da hantsi a tsakiyar aiki, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, kowa ya sani. Katako ce mai nauyin tsiya, ba ta motsi sai da mutum biyu, ɗaya na shafa wa haruffa tawada, ɗaya na jan sandar da ke danne takarda. Ta yi ƙiii, ta yi ƙwas, shafi ya fito. Amma ba ta taɓa ƙyamar maganar talaka ba. Kowace safiya Tarbox kan zaga tashar jiragen ruwa da ɗan littafinsa, yana cafke kalmomi daga bakin 'yan dako da matuƙan jirgi, ya kawo mata da zafinsu. Inda sauran jaridu za su ce ma'aji ya bar gari ba sallama, Dorkas cewa take ya cika wandonsa da iska. Inda suka ce wani dattijo ya kwana cikin rashin natsuwa, ita ta ce ya yi tatil ya rungumi kwata. Sau biyu fasto yana wa'azi a kanta, sau biyu jaridar na ƙarewa kafin azahar. Ranar Asabar 'yan dako kan yi da'ira a karanta musu, sai ka ji wani ya daka tsalle: "Kai, wannan ai maganata ce! Ni na faɗe ta ranar Litinin!"

Ciwon ajalinta tsagewa ce a ginshiƙin dama. Kafinta Hezekiah Pond ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Zeb, wannan ba ciwo ba ne, tsufa ne. Ka bar baiwar Allah ta huta."

"Za ta kai Asabar dai?"

"Ko Laraba ban yi maka alkawari ba."

Ba ta kai ba.

Ta bar akwatunan haruffan dalma shida, da dunƙulen fata biyu na shafa tawada waɗanda warinsu ya tashi maƙwabta gida uku, da Obadiah Crane, wanda ya ja mata sanda shekara goma sha tara har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu girma. Ta kuma bar labaran wannan mako, an jera su tsaf, babu mai buga su.

Iyalan suna godiya ga Lemuel Thaxter, mai sabuwar na'urar ƙarfe a layin coci, wanda ya zo ta'aziyya da hula a hannu, ya ce, "Ka kawo in riƙa buga maka, ɗan'uwa. Sai dai in bi ta da fensir tukuna. Ka san a wajenmu 'yan mata na karanta jarida."

Wannan tayi ne ya hana Tarbox zama. In ya yarda, jarida ta rayu da bakin wani. In ya ƙi, ba jarida. Ya ɗauki kujera ya ajiye, ya leƙa titi, ya dawo ya shafa ginshiƙin da ya tsage, har matarsa Mehitable ta ce, "Ka zauna mana, Zeb, ko ka tafi! Ka sa kaina na juyawa." Sau huɗu yana ɗaukar shafukan zuwa layin coci. A na huɗun har ya kama marikin ƙofa, ya ji kunya ta rufe shi, ya juyo da kayansa.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara, lokacin da jarida ta saba fita. 'Yan dako shida za su ɗauki marigayiyar zuwa bakin tasha. A can Tarbox zai hau kan ganga ya karanta labaran makon da bakinsa, ba a goge ko kalma ɗaya ba. Mai raunin kunne ya yi zamansa a gida. Daga nan Pond zai sa zarto, duk wanda maganarsa ta taɓa fita a jaridar ya ɗauki guntu. Muryar Bakin Ruwa ba za ta sake fitowa ba.

Da hannu aka rubuta wannan sanarwa, guda goma sha ɗaya kacal. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.