Yadda Ake Rushe Matakala a Bar Tsohuwa a Saman Bene

Kai mai ruksar gini, wato lasisi, daga Baladiyya, hukumar gari, na san abin da ke damunka. Kana da guduma, kana da igiyar awo, amma masu gida sun hana ka sakat, wai sai ka gama aikin da ka fara. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin za ka shekara kana buɗe aiki a unguwar Misfala ta Makka ba ka rufe ko ɗaya ba, kuma kowa na kiranka Mu'allim, babban magini. Ba da ka na yi su ba. A wurin Mu'allim Ja'afaru na kwaso su, ɗan kwangilar da unguwarmu ba ta ga irinsa ba a shekarun nan da ake faɗaɗa Harami. Shida na farko shi ya koyar da su. Na bakwai kuwa a kansa aka koya.

Mataki na 1: Ruksarka ta riga ka shiga gida

Kada ka kuskura ka ninke ruksa ka sa a aljihu kamar takardar asibiti. Ja'afaru gilashi ya sa wa tasa, ya naɗe ta a koren ƙyalle, yana yawo da ita a hammata. In ya shiga gida sai ya warware ƙyallen a hankali, ya nuna hatimi da ɗan yatsa, ya yi shiru. Shirun nan shi ne rabin sana'ar.

Da haka ya kama Mahmudu mai tsire. Mahmudu na da ɗan bene na dutse a wani lungu, shi da matarsa Rumasa'u a ƙasa, mahaifiyarsa Inna Baraka a sama, don can ne iska take, kuma daga tagarta ana jin kiran sallar Harami tar. Tsohuwar ta haura tamanin. Da ƙafa ta tako daga Katagum, ta yi shekara shida a hanyar Sudan, kuma tun da ta iso Makka Arfa ba ta taɓa wuce ta ba. Sai dai gwiwoyi sun fara gardama da tsohuwar matakalar gidan, wadda kowane takinta ya kusa kai gwiwa. Abin da Mahmudu ya nema ke nan: matakala mai gajeren taki, don uwarsa ta riƙa sauka salla ba nishi.

"Abshir, sha kuruminka, ɗan'uwa," in ji Ja'afaru. "Kwana uku. Na huɗu Inna za ta sauko da gudu."

Mataki na 2: Fara da rusau

Wannan shi ne ginshiƙi, ka buɗe kunne. Mai gida yana iya korar maginin da bai taɓa komai ba, amma ba ya korar wanda ya riga ya rushe masa rabin gida. Saboda haka a ranar farko ka zo da sassafe, da leburori huɗu da ƙura mai yawa.

Ja'afaru ya ɗaga kai ya tambayi tsohuwa ko za ta sauko kafin a fara. Ta leƙo ta ce kwana uku ai ba komai ba ne, ba za ta kwashe tarkacenta don wannan ba. Kafin azahar babu matakala, sai rami da tsani. Ranar goma ga Rajab ce.

Mataki na 3: Riƙe kalanda, ita ce babbar gudumarka

Jahilin magini yana cewa "ba ni da lokaci". Gwani yana barin wata ya yi masa magana. A Rajab Ja'afaru ya ce bukra, wato gobe. A Sha'aban ya ce bukra in sha Allahu, wanda duk mazaunin Makka ya san ya fi bukra nisa. Da azumi ya kama sai ya dafe ƙirji: wane marar imani ne zai sa lebura ɗaukar dutse da ƙishirwa? Shawwal salla ce. A Zulƙida leburori sun watse dakon kayan alhazai.

In kalanda ta ƙare maka, akwai siminti. Ka sassauta murya ka ce aikin Harami ya kwashe shi kaf. Babu Musulmin da zai buɗe baki ya ce a bar Ɗakin Allah a yi masa matakala. Mahmudu da ya ji haka har haƙuri ya ba Ja'afaru.

Mataki na 4: Bar alama, ka riƙa zuwa awo

Kada ka ɓace gaba ɗaya, wannan aikin ɓarayi ne, kai kuwa mai ruksa ne. Ka jibge yashi a ƙofar gida yadda ba mai shiga sai ya tuna da kai. Duk Alhamis ka zo, ka hau tsani, ka saki igiyar awo, ka girgiza kai, ka rubuta wani abu a bayan kwalin sigari.

Tsohuwa kuwa tana sama. Tsani dai gwiwarta ba za ta iya ba. An kawo shawarar a ɗaure ta a kujera a zuro ta da igiya ta taga, ta ce ita ba buhun shinkafa ba ce da za a sauke a gaban maƙwabta. Sai aka koma ga zambil, kwandon kaba da matan benaye ke zurowa da igiya su sayi kaya. Abinci ta zambil, gawayi ta zambil, ruwa a garwa ta igiya ɗaya. Rumasa'u ta riƙa hawa tsani tana jan igiya har tafin hannunta ya yi kanta. In mai gida ya nuna maka irin wannan, ka yaba dabarar, ka ce iska ma ta fi a sama.

Mataki na 5: In ƙara ta taso, jawo zumunci

Ko tumaki ne masu gida, wata rana za su yi kuka. Bayan ƙaramar salla Rumasa'u ta tasa mijinta gaba har wurin mai rubuta ma'arud, wato takardar koke, a bakin ofishin Baladiyya. Aka rubuta shafi guda da Larabci mai kyau. Ja'afaru ya sami labari kafin tawada ta bushe, ya tari Mahmudu a hanya.

"Ya Mahmudu, ashe haka za mu yi? Uwata da Inna tare suka tsinci auduga a Sudan, a tukunya ɗaya suka ci. Yau Bahaushe zai kai Bahaushe ƙara a gaban Larabawa? Ma'alesh, ba komai. Kai ni. Ga hannuna."

Mahmudu mutum ne mai kunya, irin wanda in ka taka shi zai ce ka yafe masa. Da la'asar a cikin takardar koken ya naɗe wa wani alhajin Zindar tsire.

Rumasa'u ba ta haƙura ba, ta kai maganar wurin umda, mai unguwa. A nan kada ka yi musu ko kaɗan. Ja'afaru ya amsa laifi tun ba a karanto shi ba, ya sumbaci kan umda, ya yi rantsuwa, washegari ya zo ya gina taki ɗaya. Ɗaya tak, amma kyakkyawa. Duk wanda ya ce ba a aiki sai a nuna masa shi. Rumasa'u ta mayar da shi wurin ajiye butar shayi.

Mataki na 6: Ci abincin gidan

Wanda ya ci tuwonka ba ya jin daɗin zaginka, wanda ka ci nasa ma haka, ban san dalili ba. Ja'afaru ba ya zuwa awo sai ya daidaita da lokacin sauke tukunya. Ya san ranar shinkafa, ya san ranar da tsire ke kwantai. Cikinsa ya yi gaba, aikin yana nan inda yake. Har nan komai daidai ne, kuma da ya tsaya a nan da yanzu shi ke rubuta wannan takarda, ba ni ba.

Mataki na 7: Kada ka hau tsanin da ba naka ne ke riƙe da shi ba

Ranar ɗaya ga Zulhajji, Misfala ta cika da alhazai har ba wurin sa ƙafa. Ja'afaru na wucewa da ruksa a hammata sai zambil ya sauko daidai hancinsa. A ciki ɗan kwano ne da miyar kuka cokali biyu. Ba irin ta nan ba: daddawar gida ce, sabuwa, wadda alhazan Kano suka ƙullo a ƙasan akwati. Wanda bai yi shekara ashirin a Makka ba ba zai gane abin da wannan ƙamshi ke yi wa Bahaushe ba.

"Jafaru," in ji murya daga taga, "tukunyar na nan sama. Ba ta shiga zambil."

Ya hau. Ya zauna ya ci tuwo malmala uku, ya suɗe kwano, ya yi hamdala. Da ya zo sauka sai ya ga rami kawai. Rumasa'u da wata maƙwabciya sun fice da tsani, ƙafarsa ta ƙarshe ya hango tana shan kwana. Ya juyo neman ruksa, ya tarar tsohuwa ta zauna a kan koren ƙyallen tana jan carbi.

Ya ruga taga ya ƙwala ihu a kawo tsani. Lungu ya taru. Sai dai mai kanti na farko shekara guda ke nan ɗakinsa ba ƙofa, na biyu rufinsa rabi ne, na uku an haƙa masa masai an bar shi a buɗe, kuma duk aikin mutum ɗaya ne. Suka ɗaga kai suka gaishe shi da kyau, suka tambayi iskar sama. Mahmudu ya baro tukubar tsire da gudu, kunya ta kama shi, ya juya zai nemo tsani.

"Mahmudu," in ji tsohuwa, ba ta ko ɗaga murya ba. "In ka jingina tsani a gidan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Mahmudu ya sami takin nan ɗaya, ya kawar da buta, ya zauna.

"Inna, wallahi bukra..."

"Zauna, ɗan nan. Bukrarka na ci wata biyar." Ta ajiye carbi. "Azumi talatin na yi a tagar nan, ina jin liman yana karatu, ga Harami kamar in miƙa hannu. Kullum sai na yi kuka, ban gaya wa Mahmudu ba. Daga Katagum na tako don wurin nan, yau taki goma sha biyar ya gagare ni. Arfa saura kwana takwas, kuma ban sani ba ko ina da wata bayan wannan. Tare za mu sauka, ko tare mu zauna."

Ja'afaru ya buɗe baki, ya laluba kalanda, ya laluba siminti, ya laluba zumunci, bai sami ko ɗaya ba. Kunya ce ta kama shi, ta gaske, irin wadda ya daɗe yana sa wa mutane. Wannan shi ne haɗarin da nake ja maka kunne a kansa.

Kafin la'asar leburorin da suka tafi dako sun bayyana. Simintin da Harami ya kwashe ya fito daga ɗakin ajiyar Ja'afaru, buhu a kan buhu. Yana kwance rub da ciki a bakin rami yana ba da umarni: "Yalla! Dahin, yanzu-yanzu, ba bukra ba!" Da aka zo tsayin taki sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce ta ɗaga ƙafa iya inda ba ta jin zafi, ya auna da igiya, ya ƙulla, ya zura ƙullin ƙasa a zambil. Taki goma sha biyar ya koma ashirin da biyu. Kwana bakwai yana kwana a kan soro, yana cin abin da zambil ya kawo, matakala na hawowa gare shi kaɗan-kaɗan. In ya ce a yi sauri, tsohuwa ta tuna masa shi ya ce siminti na son ruwa da haƙuri.

Ranar takwas ga wata da hantsi, motocin Mina na ta hon a bakin titi, Inna Baraka ta sauko cikin fararen kaya, hannunta ɗaya a bango, ɗaya a kafaɗar Ja'afaru. Ba ta yi nishi ko sau ɗaya ba. Mahmudu na ƙasa yana share ido da hular tsire. Da ta taka ƙasa ta miƙa wa Ja'afaru ruksarsa tana warin daddawa, ta dube shi a gaban duk lungu ta ce, "Ashe ka iya."

Kalmomin nan uku su suka kashe shi. Tun daga ranar ba gidan da Mu'allim Ja'afaru zai shiga a Misfala bai tarar da mace tsaye kusa da tsani ba. A shekara guda ya gama ƙofa, ya gama rufi, ya rufe masai, ya rame, kuma har yau in ya ji ƙamshin daddawa sai ya waiga.

Sanarwa

Mai wannan takarda bai san ka ba, bai taɓa ganinka ba. In ka bi matakan nan ka sami kanka a saman bene ba tsani, ko a gaban umda, ko a gaban tsohuwar da ta san uwarka, kai ka jiyo, kada ka aiko a kira ni. Ko an aiko ma ba zan iya zuwa ba. Ina hawa na biyu a unguwar Zahir, wani mai ruksa ya rushe mini matakala tun Muharram, kuma wannan takardar ma ta zambil na zuro ta.