Cinikin Ƙarfe Biyu na Ranar Juma'a

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a shagon Baffana a Haɗeja ba.

Baffa yana sayar da taki da iri da kayan injin ban-ruwa, shago uku gare shi: Haɗeja, Miga da Malam Madori. Kowanne da na'urar POS ɗinsa. Ni kuwa na dawo daga karatun kwamfuta, kaina cike da iska, sai na ce zan haɗa masa allon da zai riƙa ganin na'urorin duka daga kujerarsa. Kamfanin POS ɗin yana da abin da ake kira API, wato ƙofar da mai rubuta manhaja ke bi ya ɗebo bayanan ciniki. Na bi ta ƙofar nan, aiki kuma ya yi kyau.

Daminar nan kogi ya cika ya malala fadama, ni kuma na malala cikin mafarki. Sai in zauna in zuba wa allon ido. Ɗigo uku kore suna ƙyaftawa a hankali, in ɗaya ya mutu na san na'urar ta rasa sabis. Duk layin cinikin da ya faɗo sai in hango mai shi: manomin shinkafa da laka har gwiwa, ko masunci da ya baro kwalekwalensa can wajen Baturiya inda fararen tsuntsaye ke sauka. A raina har na buɗe ofis a Kano (da labule, da mai kawo shayi).

Ina cikin wannan shawagi na hangi wani abu. Kowace Juma'a, na'urar Malam Madori tana karɓar kuɗi ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da ake cikin masallaci. Dokar Baffa kuwa ɗaya ce: wanda ya buɗe masa shago lokacin Juma'a, ya ajiye makulli. Mai riƙe da shagon shi ne Malam Idi, dattijo mai furfura, wanda ya fara yi wa Baffa aiki tun ina rarrafe.

Mai hankali zai kira shi a waya ya tambaya. Ni sai na buga takarda, na ja layi da jan biro, na kai wa Baffa ina jin kaina ɗan sandan ciki.

Baffa ya sa Malam Idi ya zo ranar Asabar. Bayan La'asar muka zauna, aka miƙa masa takardar. Ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji," ya ce, "ni nake shimfiɗa tabarmi a masallacin Juma'a. Sai uku nake komawa shago."

"Malam, na'ura ba ta ƙarya," na ce (har da gyara zama, Allah ya yafe mini).

Baffa ya zuba wa makullan da ke hannun dattijon ido. Ana haka wani manomi ya shigo ya sayi buhun taki, ya sa katinsa. Sabon layi ya faɗo a allona: uku da minti goma. Baffa ya dubi allon, ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Huɗu da minti goma.

"Kai," ya ce da ni, "a kwamfutarka ba a yi La'asar ba tukuna?"

Nan take na gane. Ashe bayanan kamfanin da agogon duniya suke zuwa, wanda ke bayan namu da awa guda. An rubuta haka ɓaro-ɓaro a shafin farko na takardar bayani, shafin da na tsallake don na ga na fi ƙarfinsa. Biyun da na ja wa jan layi, uku ce a Malam Madori.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam Idi bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya mayar da makullansa aljihu, ya karkaɗe riga.

"Ba komai, ɗana," ya ce. "Sai dai ka riƙa tambaya."

Gyaran manhajar bai ci minti biyu ba. Haɗa ido da Malam Idi kuwa sai da na yi wata uku. Tun daga ranar, kafin in duba sallar wani, sai na fara duba agogona.