Yadda Ake Tsere wa Korar Jan Baki da Dabarun Kifayen Rima

Idan shinkafa ta fara nuna a fadamar Zauro, tsuntsayen jan baki kan sauko kamar hadari, kowane gida kuma sai ya tura mutum rumfar gadi ya wuni yana jan igiyar gwangwanaye. Kai mai son baccin safe, ga maganinka. Daga wajen kifi na koyo dabarun nan, na kuma gwada su a kan ɗalibina Sirajo, mai neman auren Rukayya 'yar Maigandi, maƙwabcinsu a gona. Duk wanda ya bi su, na yi masa alkawari rana ba za ta dake shi ba.

1. Yi iyon kurungu

Akwai kurungun da a rigingine yake iyo, ciki sama, kuma bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Kai ma kwanta haka. Da goggon Sirajo ta leƙo ta ce, "Tashi ka tai hwadama, tsuntsaye sun sabka," sai ya yi nishi ya ce, "Goggo, wanga baya nau ba ya miƙuwa." Masana sun tabbatar mai kallon rufin ɗaki ba ya ganin ɓarna.

2. Kumbura irin ta talibambam

Wannan ɗan kifin in an taɓa shi sai ya haɗiyi ruwa ya zama ƙwallo. Ba ƙarfi ya ƙara ba, ruwa ne kawai, amma wa ya sani? Saka babbar riga, manna waya a kunne, ka ce ana jiranka a taron manyan manoma a Birnin Kebbi. Hau babur zuwa Ambursa, ka sha shayi, ka dawo kana ƙorafin gajiya.

3. Ja mutum kamar minjirya

Minjirya da wutarta take yawo, wutar da ba a ɗaukewa. Wanda ta ja sau ɗaya ba ya sake kai hannu. Ranar da Hodi, abokin Sirajo, ya zo ya ce tsuntsaye sun fara cin gefen gonar su Sirajo, Sirajo ya daka masa tsawa: "In ta dame ka, tai ka tsare ta!"

Hodi ya miƙe. Ya ɗauki majajjawa ya tafi.

4. Shige laka kamar gaiwa

Nan ne ƙololuwar ilimin. Idan ruwa ya janye, gaiwa kan nutse cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙi, ta bar 'yar kafar shan iska, ta yi watanni tana barci. Kulle ɗaki, ka bar taga. Masunta za su ce maka ai jikinta take ci a ciki. Kada ka saurare su, hassada ce.

A wannan lokacin ne Sirajo ya ji cewa Rukayya, in ta kai wa babanta fura gona, takan miƙa ƙoƙo ɗaya rumfar maƙwabta, inda Hodi ke gadi. Ya yi murna ƙwarai, ya ce darajarsa ce Hodi ke sha.

5. Fito bayan girbi

Shinkafa ta tsira, an sheƙe, an zuba a buhu. Yanzu yi wanka, fesa turare, ka nufi gidan surukai. Haka Sirajo ya yi. Maigandi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ashe kana garin? Mu mun aza ka yi ƙaura."

Ya nemi ganin Rukayya. Daga bakin zaure ta tsaya, ba fushi ba dariya, ta ce, "Ni wanda nig gani bisa runhwa shi nis sani. Rana ta ƙone shi, kuma shi yash sha hurata."

Sirajo ya dawo wurina yana kuka, kukan gaske, har ya ba ni tausayi.

Gargaɗi

Abin da ya biyo baya ba ruwana, mai ƙorafi ya je Argungu ya faɗa wa kifi. Ni inuwa na yi alkawari, kuma na cika: a ɗaurin auren Hodi da Rukayya babu wanda ya kai Sirajo hasken fata. Shinkafar walima kuwa kason Sirajo ce, Goggo ta kai gudummawa. Ya zauna ya cinye farantinsa tas, kamar yadda gaiwa ta koyar.