Mai Tsaron Baya da Ba Shi da Birki

Jama'a, ku taya ni murna! Jiya Lahadi na zura ƙwallon farko a rayuwata, kuma da mazaunaina na zura ta.

Shekara talatin da ɗaya ina tsaron baya ta hagu a ƙungiyar hokin tsofaffin garinmu, wato ƙwallon sanda da ake bugawa da takalman sulɓi a kan ƙanƙara. Yau zan tona kaina: ban iya tsayawa a kan ƙanƙara ba. Tafiya kam na iya, birki ne babu. Katangar kusurwar hagu ce take tare ni, kafaɗata ta san kowane katako nata.

Kwatsam sai ga takarda daga Masu Girma na kwamitin wasanni. Sun je taron kwana tara a bakin teku, inda ba a ganin ƙanƙara sai a kofi, suka dawo mana da hikima: zamanin gurbi ya wuce. Babu ɗan baya, babu ɗan gaba, kowa ya yi ko'ina. Allah ya ƙara basira! Rufin filinmu shekara huɗu yana yoyo, amma ai wannan ƙaramin abu ne.

Kocinmu Blažej, wanda mahauci ne sauran ranakun mako, ya karanta mana ita muna ɗaura takalma.

"Duk wanda na ga ya kafe wuri ɗaya, benci zai koma," in ji shi. "Da kai nake, Kornel."

Idan aka cire ni, ina zan kai ranakun Lahadi? Gonar dankalin surukata?

Golanmu Vendelin ya ɗaga sanda. "Maigida, har da ni?"

"Takarda ta ce kowa."

Ai kuwa ana busa usur Vendelin ya bar raga, ya nausa gaba da kayansa kamar katifa ta yi ƙafa. Kafin ya waiwayo an ɗura mana uku. Su biyar suka dunƙule wuri guda suna saran takalman juna, matanmu suna kwance da dariya.

Ni ko na rufe ido na bar kusurwata. Na wuce layin tsakiya, wurin da ban taɓa gani ba sai daga nesa. Ina ihu, "Ku kauce! Ku kauce!" 'Yan ɗaya ƙungiyar suka ɗauka sabuwar dabara ce, suka dare. Na zame, na zauna daɓas a kan ƙwallon, muka shige raga tare, har da golansu.

Ashe Mai Girma Shugaban kwamitin yana wurin, cikin bargo, kusa da hita mai ɗumama shi. Ya sa aka kawo ni ina ɗingishi.

"Kun ga amfanin sabon tsari!" in ji shi. "Daga yau gaban raga ne wurin wannan bawan Allah. Kada a kuskura a matsar da shi."

Daɗi ya kwashe ni, bakina ya suɓuce. "Ranka ya daɗe, tunda gurbi ya zama tsohon yayi, yaushe za ku fara karɓa-karɓar kujera a kwamiti? Na ga wannan ta shekara ashirin da shida da kai."

Ya gyara bargo, ya dube ni da tausayi.

"Kornel, kai fa tsohon ɗan wasa ne. Ai dole a samu mai tsaron baya."

Gaskiyarsa. Na dai lura shi birkinsa lafiya lau yake.