Rasuwar Madugu, Mai Kula da Fayafayai Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi ja saboda kallon allon kwamfuta, Injiniyan gidan hoto yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Madugu, wato kwanturolan nan da ke jan ragamar fayafayan ajiya a cikin babbar kwamfutar ɗakin baya.

Marigayin bai fi tafin hannu ba, amma ya riƙe amana. Duk hoton da aka ba shi sai ya rarraba shi ga fayafayai huɗu, ya bar wa kowanne ɗan abin tuni game da rabon 'yan uwansa, ta yadda ko ɗaya ya kwanta dama sauran za su maido da abin da ke cikinsa. Yana da ɗan batirinsa na kansa, in an ɗauke wuta ya riƙe maganar da ke bakinsa har a kawo. Bai taɓa neman hutu ba. Shayi ma ba ya sha, abin da Injiniya ba zai iya faɗa game da sauran ma'aikata ba.

Ciwon ajali ya same shi ne a bakin aiki. Ran da Injiniya ya tafi sunan ɗan ƙanwarsa, faifai na biyu ya fara ciwo, Madugu kuwa ya ɗaga murya kamar yadda aka hore shi: "Ƙiii, ƙiii, ƙiii." Sakatariya ta kasa kunne ta ce gyare ne. Mai ɗaukar hoto, wanda bai taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba, ya ce lallai gyare ne, kuma babba. Oga da kansa ya aika aka sayo maganin ƙwari, aka buɗe murfi, aka fesa wa bawan Allah gwangwani guda. Kukan ya tsaya. Har tafi aka yi.

Ya rasu ya bar fayafayai huɗu, ɗaya na jinya, da autansu na biyar, ɗan jiran gado, wanda aka ajiye don irin wannan rana, ya ci wuta shekara da shekaru yana zaune, ranar ta zo kuma babu mai ce masa tashi. Dukkansu sun yi gum, don ba sa jin yaren kowa sai na gidan su marigayi. A cikinsu akwai hotunan bikin 'yar Oga, waɗanda surukai ke bugo waya a kansu safe da yamma. Oga ya manta da batun gwangwani sarai, ya ce shi dai Injiniya ya sani. Injiniya na cikin tsoro ƙwarai, har tuni ya goge takalminsa na neman aiki.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su riƙe hannuwansu a aljihu. Kada a zare faifai, kada a sauya musu wurin zama, kada wani mai tausayi ya danna wani maɓalli.

An yi odar magaji daga dangin marigayi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana hanya. In ya iso marayun suka buɗe masa baki, za a sa Madugu a makwancinsa, durowar ƙasa, kusa da matattun caja, a raba lemo. In kuwa suka ƙi, za a haɗa jana'izar da ta aikin Injiniya, don kada jama'a su sha wahalar zuwa sau biyu.