Sunan Ɗan Fari a Gaban Sarkin Hatimi

Jiya Talata, tun da na idar da sallar asuba na tura babur ɗina zuwa gidan mai, amma ban ga galan guda a tankina ba sai da ladan ya kira azahar. Wai mu ne 'yan ƙasar da arzikin mai ya sauka a cikinta. Haka dai rediyo ke tuna mana safe da yamma, don kada tsayuwar layi ta sa mu manta. Audi direban akori-kura yana bayana, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Gide, ina zuwa haka da farar riga?"

Na ce, "Birni za ni, karɓo amsar hukuma."

Ya ce, "Allah sarki. Ashe kai layi biyu gare ka yau."

Bai yi ƙarya ba. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don ku san abin da ya kai ni.

Ni dai sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa. Teburina yana gindin durumi a bakin kasuwar Faskari, shekara ashirin ke nan ina cika wa jama'a fom, ina roƙar musu manya da ladabin da ya fi ƙarfin bakinsu. Maƙwabcina Rabo manomin auduga ne, katanga ɗaya ta raba mu. Matarsa Malama Zulaihatu tana cikin 'yan matan da aka horar a gurguje lokacin da aka buɗe makarantun kyauta, tana koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta ƙauye. Ita ce mace ta farko da ta riƙe alli a duk danginsu.

Bara aka yi shela cewa duk ma'aikaciyar da ta haihu za ta huta wata uku albashinta na tafiya, wadda kuma haihuwa ta nakasa za a tallafe ta har ta miƙe. Wallahi ran nan har na tashi tsaye a gaban rediyo na sa wa manyanmu albarka. Mutanen kirki ne, suna tuna mu, musamman in za su yi jawabi.

To sai ga Zulaihatu da cikin fari. Ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Ruwan Godiya, ta yi kwana biyu tana naƙuda a hannun ungozoma. Yaro ya fito lafiya lau, namiji, amma ƙafarta ta hagu ta shanye tun daga gwiwa. Da ta yi arba'in aka maido ta ɗakinta tana dogara sanda. Ba ta gama kwance kaya ba hedimasta ya aiko cewa in takardar hutunta ba ta iso ba kafin ƙarshen zangon karatu, za a rubuta ta gudu daga aiki, a ba wani ajinta.

Rabo ya zo teburina da fom mai shafi shida. Muka yi ta cikawa lami lafiya har muka iso inda aka ce sunan jariri. Na ɗaga kai na dube shi. Sai ya hau kallon reshen durumi kamar yau ya fara ganin ganye.

Ya ce, "Malam, ai kana wurin raɗin suna."

Ina wurin kuwa, har naman na ci. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Rabo marigayi aka mayar masa, wato Salihu. Kun san halinmu. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, uwa kuwa ko a gaban mutane ba ta yarda ta nuna nata ne, balle a ce sunan surukinta ne a kansa. A gidan kowa Baba yake ce masa, yana kwance a zani yana tsotson hannu. Na rubuta sunan da alƙalamina, muka aika.

Bayan mako uku fom ya dawo da jan layi. Wai ba a karɓar suna daga hannun wani. Sai uwa ta zo da kanta, da jaririn, ta faɗa da bakinta a gaban babban jami'i cewa nata ne, ta kuma ambaci sunansa, saboda an gano wasu na neman hutu da jariran aro. Ka ji masu tsaron dukiyar jama'a. Ofishin da ya sayo injin sanyaya ɗaki har huɗu a ginin da ba a ja masa lantarki ba, shi ne ya tashi haiƙan kada wata malamar ƙauye ta cuce shi da jinjiri.

Muka ɗauki shatar Audi. Ni da Rabo a baya, Zulaihatu a gaba, sai Goggo Adama, ƙanwar marigayi mahaifin Rabo, wadda ke goye da yaron. Ofishin ba zan kama sunansa ba, ina da iyali. Shi ma mai ofishin bari mu kira shi Mai Girma Sarkin Hatimi, don na ga hatimai bakwai jere a gabansa, kowanne da ranar da yake fitowa. Ya bar mu a benci har inuwa ta juya, sa'an nan aka ce mu shiga. Dardumar ɗakin ta fi katifata laushi.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ke ce malamar? Wannan ɗanki ne?"

Zulaihatu ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Na Goggo ne, ranka ya daɗe."

Goggo ta gyara goyo tana murmushi, irin na wadda aka fita kunyarta a bainar jama'a.

"Yaya sunansa?"

Ta ƙara jan mayafin har ya rufe sauran fuskar.

Sai Mai Girma ya zaro jan biro ya rubuta a saman fayil, yana karantawa da ƙarfi don mu amfana, "Mai neman hutu ta musanta jariri." Ya juya ga Goggo, tsohuwar da haƙoranta na gaba suka riga ta ritaya, ya ce, "To ke da kika haifa, a wace ma'aikata kike?"

Goggo ta ce, "Mi yac ce?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Alkunya ce kawai irin tamu. Dubi gaban rigarta ma, nono ne ke zuba."

Ya ce, "Malam, takarda ba ta san alkunya ba. Daga sama aka rubuto ta."

Na ce, "To batun ƙafar fa? Akwai fom na biyu, na tallafin nakasa."

Nan fa ya ajiye biro ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda bai yi makaranta mai zurfi ba. Ya ce, "Fom na biyu na wadda haihuwa ta nakasa ne. Wannan kuwa yanzu a gabanka ta ce ba ta haihu ba. To haihuwar wa ta shanye mata ƙafa?"

Jama'a, ku faɗi gaskiya, in ba ilimi ba me zai kawo irin wannan hujja? Na fito ina jinjina wa ƙasar da ta samu irin waɗannan kawuna.

A gida aka kwana uku ana ja-in-ja, ina ji ta kan katanga. Goggo ta kafe. Ta ce, "Aikin banza! Mu da munka haihu goma wa ya ba mu hutu? Ɗiyar mutunci ta buɗe baki gaban maza ta kama sunan yayana? In ta yi haka, to ba da ni ba." Rabo kuwa ya rasa bayan wa zai bi, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gonar da ya riga ya nome.

Rana ta huɗu Zulaihatu ta aika a kira ni. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta miƙe ƙafar, sandar tana gefe. Ta gaishe ni, sa'an nan ta ce, "Baba, da wannan ƙafa ba ni iya daka, ba ni iya zuwa rijiya, ba ni iya tsinkar auduga. Amma allo, ko a zaune ina iya rubutu a kansa. In sun karɓe ajin nan, me ya rage mini? In zauna a ɗaki ana miƙo mini tuwo har in mutu?"

Na ce, "Kin san abin da za su sa ki faɗa."

Ta ce, "Na sani. Ka kai ni."

Ba na jin kunyar gaya muku, tausayinta ya kama ni, sai na gyaɗa mata kai.

Muka koma saura kwana goma sha shida a rufe makarantu. Goggo ta biyo mu, don ba ta yarda kowa ya goya yaron ba, kuma ina jin ta ɗauka ganin idonta zai hana. Wannan karon ɗakin cike yake, akawuna uku, mai buga tafireta, da wani ɗan kwangila da ya zo gaisuwa. Zulaihatu ta dogara sandarta ta tsaya, ba wanda ya ce ga kujera.

"Wannan ɗanki ne?"

Ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi."

"Sunansa?"

Ta ce, "Salihu."

Mai Girma ya ce, "Ɗaga murya, mai tafireta bai ji ba."

Ta sake faɗa, da muryar da take kiran sunayen 'yan aji, hawaye na bin kumatunta. Ɗaya daga cikin akawunan ya kawar da kai, ɗan kwangilar ya yi dariya. Goggo ta kwance goyon ta dangwarar da yaron a hannun Rabo, ta ja zane ta rufe fuska ta fice. Rabo ya tsaya riƙe da ɗansa na fari a gaban mutane, ya rasa inda zai sa idonsa. Har yau da nake wannan rubutu Goggo ba ta amsa gaisuwar Zulaihatu ba, kuma labari ya riga mu isa gida, mata na ta faɗa a bakin rijiya cewa boko ya cinye mata kunya.

Sarkin Hatimi ya ce madalla, yanzu komai ya cika, saura sa hannu kawai. A dawo bayan mako biyu.

Na koma bayan mako biyu, aka ce ba ya nan. Na sake komawa, aka ce bai dawo ba. Na tambayi ko wani zai iya sa hannun, aka dube ni kamar na nemi aron matarsa. Makarantu suka rufe, fayil yana kan tebur.

To jiya, bayan na samu man, na isa na tarar ya dawo, ya yi fes, sabuwar hula har da ƙanshin turare. Babban akawu ya miƙo mini ambulan biyu. Na buɗe ta farko a tsaye. An amince wa Malama Zulaihatu hutun haihuwa na wata uku, hukuma tana taya ta murna, tana yi wa jariri fatan albarka. Na buɗe ta biyu. Tun da takardar hutu ba ta isa makaranta kafin ƙarshen zango ba, an ɗauka ta gudu daga aiki, an sallame ta, kuma wadda ba ma'aikaciya ba ba ta da hakkin hutu ko tallafin nakasa. Hannu ɗaya ne a ƙasan takardun biyu, rana ɗaya, biro ɗaya. A nan kam dole a yaba, ban taɓa ganin ofishin ya gama aiki biyu a yini guda ba.

Na tambayi akawun a hankali, "Wai ina Mai Girma ya shiga ne duk kwanakin nan?"

Ya ce, "Haihuwa aka yi masa. 'Yarsa ce ta sauka, ya tafi Kankara hidimar suna, ya ɗan zauna mako uku."

Na ce lalle ya kamata in yi barka. Na leƙa, na cire takalmi, na durƙusa a kan dardumar nan na ce, "Ranka ya daɗe, ashe ƙaruwa aka samu. Allah ya raya. Wace ce daga cikin 'ya'yan naka ta sauka? Yaya sunanta, in sa ta a addu'a?"

Ya ɓata rai, ya dubi akawunansa, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Haba Malam, da furfurarka? Ta farin ce. A bakina kake son jin sunanta? Kai ba ka san kunya ba ne?"

Na ba shi haƙuri. Na ce ƙauyanci ne ya yi mini yawa.

Da la'asar sakaliya na shiga gidan Rabo. Na yi ta shirya yadda zan karanta wa Zulaihatu a hankali, in fara da wacce, in tsallake wace kalma, na manta cewa malama ce. Ta karɓi ambulan biyun ta karanta da kanta, ta farko, sa'an nan ta biyu, ta sake komawa ta farko. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke su daidai ta sa a ƙarƙashin tabarma. Yaron yana kwance a gefenta, Goggo tana can bakin murhu ta ba mu baya.

Zulaihatu ta dube ni ta ce, "Baba, aikin sun karɓe, na ji. To sunan da na faɗa musu fa? Shi za su maido mini?"

Na ce mata zan tambaya. Na tabbata akwai fom ɗinsa.